Filin Tambaya da Amsa: In Ɗauki Akanta Ko In Cike Takardun Harajina da Kaina?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili tun shigowar sabuwar shekara yawancinsu a kan haraji suke, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, tunda a watannin farko na shekara ne ofisoshin haraji na Kamaru suke karɓar lissafin shekarar da ta wuce. Na zaɓi guda uku waɗanda tambayarsu kusan ɗaya ce amma amsarsu ta bambanta, na kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka nema.

Daga wani ɗan kasuwa a Garwa:

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gini, siminti da kwano da rodi, a shagon da na gada daga mahaifina shekara 9 da suka wuce. Tun zamanin marigayi akwai wani bawan Allah da yake cike mana takardun haraji, yanzu ma ya buɗe shagon kwamfuta kusa da ofishin haraji. Mukan ba shi kuɗin da za a biya haɗe da na goro, shi kuma ya kawo mana takarda mu ajiye. Bara Allah ya buɗa ciniki, da na zauna na tara na ga abin da ya shigo shagon ya kai wajen sefa miliyan 70. Wani abokina ya ce lallai in ɗauki akanta. Ɗana kuma da ya gama jami'ar Ngaundare ya ce asarar kuɗi ce kawai, komai yanzu a intanet ake yi, shi zai riƙa yi mini. Akantan da na tuntuɓa ya yanka mini abin da zai biya albashin yaran shago biyu. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ka ɗauki akantan, amma kada ka sallami ɗanka, domin akwai aikin da shi kaɗai ya dace ya riƙe, kuma zan zo kansa. Abin da ya sa na yanke maka hukunci kai tsaye haka shi ne adadin nan da ka ambata na miliyan 70. Da ka ce mini miliyan 20 ne, da amsata ta zama wata daban.

Dokar haraji ta Kamaru tana raba 'yan kasuwa ne bisa jimillar cinikinsu na shekara, wato duk abin da ya shigo ta hanyar sayar da kaya, ba ribar da ta rage a hannu ba, kuma iyakar da ta shafe ka ita ce miliyan 50. Wanda cinikinsa bai kai nan ba, tun bayan dokar harajin ƙananan hukumomi ta watan Disamba na 2024, yana ƙarƙashin haraji guda ɗaya dunƙulalle da ake kira IGS, wanda ya maye gurbin tsare-tsare biyu da aka saba da su a da. An jera shi mataki-mataki: a duba cinikinka, a ga matakin da ka faɗa, ka biya abin da aka yanka wa wannan mataki, shi ke nan ka huta da patanti, wato harajin lasisin kasuwanci, da harajin riba, da TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya mai saye ya biya. Irin wannan ɗan kasuwa, in yana da littafin da yake rubuta shige da fice kuma ya iya taɓa waya, ba ya bukatar ya ajiye akanta yana biyansa duk wata. Amma wanda ya haye miliyan 50 ya shiga tsarin da ake biyan haraji bisa ainihin lissafi, wanda a ofis za ka ji suna ce masa "réel", kuma a nan ne takarda take zama sana'a ta biyu a cikin shago.

Ga abin da zai hau kanka. Kowane wata, kafin ranar 15 ga watan da ke biye ta wuce, sai ka bayyana cinikin da ka yi, ka kuma biya kashi 2.2 cikin ɗari nasa a matsayin kafin alƙalami na harajin riba. In muka ɗauka kana cinikin miliyan 6 a wata, sefa 132,000 ke nan, ko ka ci riba a watan ko ka faɗi, domin a kan ciniki ake ɗora shi. A ƙarshen shekara kuma akwai babbar takardar da ake kira DSF, wadda take tattara dukiyar shago da bashin da ake bin sa da wanda yake bi da riba ko faɗuwa, a kan tsarin lissafi na OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ƙasashe 17 suke bi, cikinsu har da Kamaru da Cadi da Nijar, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Manyan kamfanoni wa'adinsu 15 ga Maris ne, na sauran kuma yana biyo baya gwargwadon ofishin da mutum yake ƙarƙashinsa. In kana da ma'aikata masu albashi, akwai abin da za ka cire daga albashinsu ka kai wa hukumar haraji, da kuma kason CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Duk wannan ana iya koyonsa, ban ce ba a iyawa ba.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne TVA, domin a nan na fi ganin 'yan kasuwarmu suna zubar da jini ba tare da sun ji zafin yankan ba. Kashi 19.25 cikin ɗari ne a Kamaru. Wanda ya shiga tsarin ainihin lissafi yakan zama mai karɓar wa gwamnati wannan kuɗi daga hannun masu saye, sannan ya cire wanda shi ma ya biya lokacin da ya saro kaya, ya miƙa ragowar. Mu ce ka saro kaya na miliyan 1, ka biya TVA 192,500 a kansu, sannan ka sayar da su 1,100,000, ka karɓi TVA 211,750. Abin da za ka kai wa hukuma bambancin ne kawai, wato 19,250, ribarka ta 100,000 kuma tana nan daram. To amma wannan ciri ba ya halatta sai da cikakkiyar takardar saye mai ɗauke da sunanka da lambar harajin wanda ya sayar maka, kuma doka ba ta yarda da cirin ba idan cinikin ya kai sefa 100,000 aka kuma biya shi da tsabar kuɗi hannu da hannu. Idan takardar ta ɓata, ko an rubuta ta da sunan direban da ya ɗauko kayan, ko ka ƙirga kuɗin ka miƙa a leda kamar yadda iyayenmu suka saba, to 211,750 ɗin gaba ɗaya za a nema a wurinka. Ribar 100,000 ta tafi, ta kuma ja wani abu daga cikin uwar kuɗi. Ka ninka wannan sau adadin lodin da kake yi a shekara, sannan ka ajiye shi kusa da kuɗin da akantan ya yanka maka, ka ga wanne ya fi nauyi.

Maganar ɗanka tana da gaskiya a rabinta. Lallai komai ya koma intanet, daga neman lambar haraji ta NIU har zuwa bayyana ciniki da fitar da takardar biya, duk a shafin babbar hukumar haraji ta DGI ake yi, kuma yaron da ya gama jami'a ba zai kwana biyu bai gane inda ake latsawa ba. Sai dai kwamfuta ba ta tambayar ko adadin da aka zuba mata daidai ne, duk abin da aka ba ta karɓa take yi. Ba don latsa maɓalli ake biyan akanta ba. Ana biyansa ne don ya san wane kashe kuɗi doka ta yarda a cire daga riba, wanne ba ta yarda ba. Yadda ake rarraba kuɗin motar ɗaukar kaya a kan shekarun da za ta yi aiki maimakon a zuba shi duka a shekara guda. Yadda ake dawo da abin da masana'anta ko babban dila ya riga ya cire maka a matsayin haraji tun lokacin sari, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi su biya sau biyu. Da kuma abin da ya canja a bana. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin duk ƙarshen shekara majalisa a Yawunde tana amincewa da sabuwar dokar kasafin kuɗi wadda take fara aiki ranar 1 ga Janairu, kuma da wuya a ga wadda ba ta taɓa wani sashe na dokar haraji ba. Abin da mutum ya haddace shekara uku da suka wuce yana iya zama kuskure yau, alhali shi yana nan yana rantsuwa a kansa.

Lokacin da nake riƙe wa 'yan kasuwa littafi, an taɓa kirana shagon wani dattijo mai sayar da kayan masarufi bayan takardar bincike ta iso masa. Na ce a kawo mini takardun saye na shekarun da ake tambaya, sai yaronsa ya shiga ƙurya ya jawo wani kwalin sabulu da aka ɗaure da tsumman atamfa. Muka zazzage shi a kan tabarma. Akwai takardun sari a ciki, da katin asibitin uwargida, da rasit na kuɗin makarantar yara, da wani ɗan littafi da dattijon yake rubuta masu cin bashi da ajami, wanda shi ne ma kaɗai abin da ke da tsari a cikin kwalin. Rasit ɗin nan masu santsi da inji ke fitarwa kuwa zafin Afrilu ya riga ya shanye rubutunsu, sun koma farare tas, sai ka ɗaga su sama wajen hasken ƙofa kana neman inuwar lamba. Mun yi kwana huɗu a kan tabarmar nan. Mutumin bai ci kuɗin kowa ba, kuma na tabbata abin da ya faɗa da bakinsa gaskiya ne, amma mai bincike ba ya rubuta rantsuwa a cikin rahotonsa. Abin da na koya a ranar shi ne ko wane irin gwani aka ɗauko, iyakar abin da zai iya yi shi ne abin da takardun shagon suka ba shi dama.

Sai batun wane ne gwanin, domin ba duk mai kwamfuta da hatimi ba ne. Akwai ƙwararrun akantoci da ke cikin rajistar ƙungiyarsu ta ƙasa, ONECCA, akwai kuma masu ba da shawara kan haraji da ke da amincewar CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma suke cikin tasu ƙungiyar, ONCFC. Waɗannan suna da lambar rajista, suna da inda za a kai ƙararsu idan suka ci amana, kuma kada ka ji nauyin tambayar mutum lambarsa kafin ka miƙa masa takarda ko guda. Wanda yake na gaske ba zai ji haushi ba. Amma kafin ka amsa wa wanda ya yanka maka kuɗin yara biyu, ka leƙa hanya ta uku wadda ina ganin an yi ta ne domin irinku, wato cibiyoyin da gwamnati ta amince su riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi, waɗanda ake kira CGA. Suna karɓar wanda cinikinsa bai wuce miliyan 100 a shekara ba, kai kuma kana ciki. Ana biyan kuɗin zama mamba na shekara, su taimaka wajen tsara littafi da bayyana haraji, doka kuma tana yi wa mambobinsu rangwame a kan harajin riba. Su ma ba duka suka zama ɗaya ba, akwai masu aiki akwai masu karɓar kuɗin mamba su ɓace sai Maris, saboda haka ka tambayi 'yan kasuwa biyu ko uku da suka shekara da su kafin ka sa hannu.

Shi kuwa bawan Allah mai shagon kwamfuta, ban ce maka macuci ba ne, wataƙila ma ya riƙe amanar gidanku fiye da yadda wani mai digiri zai riƙe. Amma aikinsa shi ne ya rubuta abin da aka faɗa masa, kuma ranar da aka zo bincike ba sunansa ne a kan takardar ba. A wajen hukuma mai lambar NIU shi ne mai laifi, ko wa ya cike takardar. Hukuma tana da damar komawa baya har shekara 4 ta sake duba abin da aka bayyana, kuma idan ta samu giɓi, ban da ainihin harajin akwai kuɗin jinkiri na kashi 1.5 cikin ɗari a kowane wata, sannan tara ta kashi 30 idan an yarda kuskure ne, kashi 100 idan an ga da gangan ne, kashi 150 idan an tabbatar da maguɗi. Na kawo waɗannan alƙaluma ne domin na san shawarar da wani zai raɗa maka a majalisar bayan la'asar, cewa ka rubuta miliyan 45 ka zauna lafiya a inda kake. Kai da kake sarin siminti, ko daga masana'antar Figil yake zuwa ko daga ta Duwala, da lambarka ake rubuta takardar lodi, kuma manyan masu sayarwa suna bayyana wa hukuma wanda suka sayar wa da adadin da ya saya. Wanda aka ga ya sari kayan miliyan 60 ba zai iya cewa ya sayar da na 45 ba sai ya nuna inda sauran suke jibge. Saboda wannan dalili ne kuma nake roƙonka kada ka ara wa kowa lambarka ya yi sari da ita, ko da ɗan'uwa ne, domin a kanka za a rubuta cinikin.

Yanzu ga aikin ɗanka. Akanta na waje zai zo maka sau ɗaya ko sau biyu a wata, shagon kuwa kullum a buɗe yake, saboda haka ana bukatar wanda zai rubuta cinikin kowace rana kafin a rufe ƙofa, ya karɓi takardar kowane lodi ya duba ko sunanka da lambarka ne a kanta, ya ɗauki hotonta da waya tun rubutun bai gudu ba, ya jera su wata-wata, tunda dokar OHADA ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10. Shi ne kuma zai raba aljihun shago da aljihun gida, wanda shi ne abu mafi wuya a wurinmu, domin kuɗin cefane da gudummawar biki da na ta'aziyya duk daga aljihun tebur ɗaya suke fita. Ba a hana ka ɗauka ba, dukiyarka ce, amma a rubuta cewa maigida ne ya ɗauka. Ƙirgar kayan da ke cikin shago a ƙarshen Disamba ma ba baƙon abu ba ne a wurinka, tunda kana yin irinsa duk shekara idan za ka fitar da zakka, bambancin kawai wannan da watan Bature yake tafiya kuma a rubuce ake son sa. Idan ɗanka ya zauna kusa da akantan yana kallon yadda ake haɗa takardar wata, nan da shekara biyu zai iya karɓar wannan ɓangare, a bar wa gwani DSF da amsa wasiƙun hukuma, kuɗin da kake biya kuma ya ragu. Abu uku ne ban yarda su bar hannunku ba ko da wa kuka ɗauka: kalmar sirri ta shiga shafinku na haraji, da lambar waya da adireshin imel da aka yi rajista da su, da kuma biyan kuɗin kansa.

Daga wata malamar makaranta a Marwa:

"Malam, ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ana cire mini haraji daga albashi tun kafin ya iso hannuna. Ina da ɗakuna huɗu da na gina na zuba 'yan haya. An ce yanzu kowa sai ya bayyana abin da yake samu a shekara. Wata abokiyar aikina ta ba wani jaka goma ya yi mata. Ni ma in nemi wanda zai yi mini ne?"

Malama, ki riƙe jakarki goma, wato sefa 10,000. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne: tun 2024 hukumar haraji ta fara neman waɗanda ba 'yan kasuwa ba, masu albashi da 'yan fansho da masu gidajen haya, su riƙa bayyana abin da suka samu sau ɗaya a shekara ta intanet, kuma da yake an sha ɗaga wa'adin, sanarwar hukuma ta wannan shekara za ki bi, ba ranar da aka yi bara ba. Amma lissafinki gajere ne. Harajin albashi an riga an cire, aikinki a nan shi ne ki duba takardun albashinki na wata 12 ki tabbatar abin da ke rubuce a shafin ya yi daidai da su, ba wai ki sake biya ba. Sabon abu a wurinki shi ne kuɗin haya, wanda shi ma kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji, da kuma harajin mallakar gida, wanda yake kashi 0.1 cikin ɗari na darajar gidan a shekara, wato gidan da aka kimanta miliyan 10 zai biya sefa 10,000. Ki tanadi lambarki ta NIU da katin shaida da takardun gidan, ki rubuta abin da kowane ɗaki ya kawo da watannin da ya zauna babu kowa, ki zauna da yamma guda ki gama. Idan wani gurbi ya ɗaure miki kai, ki je ofishin harajin da ke kula da unguwarku ki tambaya, bayani aikinsu ne kuma ba a sayar da shi.

Dalilin da ya sa ban so ki bi sawun abokiyar aikinki ba ya wuce batun jaka goma. Masu cike wa mutane irin wannan takarda a gefen hanya sauri suke yi domin layi yana jiransu, kuma hanya mafi sauri ita ce a rubuta albashi kawai a tsallake sauran, sai ki tashi da takardar da ta ce ba ki da gida alhali sunanki ne a kan takardar filin. Ranar da za ki bukaci gwani ita ce ranar da gidajen suka yi yawa, ko wani kamfani ko ofis ya kama haya a wurinki ya fara cire haraji daga kuɗin hayar kafin ya ba ki, ko kuma aka zo rabon gado.

Daga wani matashi a Kusuri:

"Malam, ina sayar da kayan waya, wani lokaci ina ƙetara gadar Ngeli in kai wa abokan ciniki a Njamena. Shekara biyu ina ba wani mutum kuɗin harajina duk wata uku yana kawo mini takarda. Da na je neman takardar shaidar cewa ba a bi na bashin haraji, sai aka ce mini ba a biya ko sisi ba tun bara. Mutumin ya daina ɗaukar wayata. Shin hukuma za ta yafe mini tunda ba laifina ba ne?"

Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri, amma ba zan ɓoye maka ba: bashin yana kanka. Abin da ke tsakaninka da mutumin nan cin amana ne, kana iya kai ƙararsa wurin 'yan sanda ko jandarma da takardun da ya riƙa kawo maka da duk wata shaidar tura kuɗi da ke cikin wayarka, amma wannan shari'a daban take da abin da hukumar haraji take bin ka. Ina kyautata zaton abin da yake kawo maka takardar da ke nuna adadin da za a biya ce, wadda kowa zai iya fitarwa daga kwamfuta ba tare da ya biya komai ba, ba rasit na biya ba. Sun yi kama a ido, musamman ga wanda Faransancinsa na kasuwa ne, kuma da wannan kamannin ake cin mutane da yawa. Tun 2021 aka hana karɓar tsabar kuɗin haraji a ofisoshin haraji na Kamaru, sai ta banki ko ta waya, irin su Orange Money da MTN Mobile Money, saboda haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi a hannu zai kai maka ofis, ka tambaye shi wane ofis.

Abin da za ka fara yi shi ne ka karɓe shafinka. Ka je ofishin harajin da kake ƙarƙashinsa da katin shaidarka, ka nemi a mayar da lambar waya da imel na rajistar zuwa naka, ka canja kalmar sirri, domin muddin suna hannunsa yana iya ci gaba da bayyana abin da ya ga dama da sunanka. Sannan ka nemi a fitar maka da jimillar abin da ake bin ka, a rarrabe maka ainihin haraji da tara. Ainihin harajin ka fara biya, ko da kaɗan-kaɗan ne idan sun amince, sannan ka rubuta takardar roƙon sassauci a kan tarar, ka haɗa da kwafin ƙarar da ka shigar, domin doka ta ba da ƙofar neman sassauci kuma an fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa kafin a rufe masa shago. Idan kuma wata takarda ta iso maka wadda ta ce an sake lissafin harajinka an ƙara, kwana 30 ne kake da su ka amsa a rubuce, kuma a wannan gaɓa ce kaɗai zan ce ka biya mai ba da shawara na gaske ya rubuta maka amsar, sau ɗaya, a kan kuɗin da kuka yi yarjejeniya tun farko.

Bayan wannan, cinikinka bai kai wanda za ka ajiye wani yana yi maka ba. Kai da kake sayar da kayan waya, fitar da takardar IGS da biyanta daga wayarka ba zai gagare ka ba. Kayan da kake ƙetarawa da su Njamena kuwa lissafinsu na duwan ne, wato kwastan, kuma idan wata rana ka buɗe shago a can, Cadi tana da tata lambar haraji da ake kira NIF da nata dokoki, lambarka ta Kamaru ba za ta yi maka aiki a can ba. Ka sake rubuto mini idan ka karɓo jimillar bashin, tare da hoton ɗaya daga cikin takardun da mutumin ya riƙa kawo maka, in duba in gaya maka ko wace iri ce.